Maƙwabci Kafin Gida: Yadda Hajiya Ta Sami Masauki a Birnin Fas

Shekara kusan talatin Alhaji ya yi yana saukar da baƙi a Madawa. Da kakar albasa ta kama, zaurensa ba ya rabuwa da mutanen Kumasi da Akara da Abijan da Kwatanu, masu zuwa sayen albasar fadamar Tarka. Shi ne mai masaukinsu, shi ne dillalinsu, shi ke ajiye musu kuɗi, shi kuma ke tsaya musu in rigima ta tashi a tasha. Da an tambaye shi a wancan lokaci abin da ake kira masaukin kirki, da ya amsa ba tare da dogon tunani ba: tabarma, da buta, da ƙofa mai makulli, da kusanci da kasuwa. Bai gane cewa wannan amsar gwauro ce ba sai a watan Disamba na 2022, sa'ad da ya kai mahaifiyarsa ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko.

Hajiya mutuniyar Buza ce, can aka haife ta, can kuma take zaune, ta ƙi komawa Madawa duk da roƙon da ɗan nata ya sha yi. Tun tana matashiya ta karɓi wuridin Tijjaniyya, ba ta kuma taɓa sakinsa ba. Ta sauke farali, ta ga auren jikoki, abu ɗaya ne ya rage mata a zuciya, wato ta tsaya gaban kabarin Shehu Ahmadu Tijjani. An haifi Shehu a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798 a zamanin Sarki Maulaya Sulaimanu, ya rasu can a 1815, aka rufe shi cikin zawiyarsa. Ɗariƙar ta shigo ƙasar Hausa da ƙarfi ta hannun Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello cikin shekarun 1830, ta ƙara yaɗuwa a ƙarni na ashirin ta hanyar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha da almajiransa irin su Shehu Abubakar na Kiyota. Saboda haka sunan Fas ba baƙo ba ne a kunnen tsohuwar Adar, ko da ba ta san gabas ko yamma yake ba.

A shekarar nan albasar da Alhaji ya ajiye cikin rudu ta yi kuɗi. Ya tafi Buza ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Inna, ki shirya, bana za mu Fas in Allah ya yarda." Ba ta ce kome ba, sai ta ɗaga hannu sama. Aka tsai da masu tafiya mutum shida: ita, da Alhaji, da uwargidansa wadda za ta kula da ita, da ɗiyarsu mai shekara goma sha biyu, da autansu mai shekara shida, sa'an nan da ƙanen Alhaji, ma'aikacin gona a Keita, wanda kowa ke kira Malam, domin shi ne mai jin Faransanci sosai. A Fas kuwa akwai ɗan ƙanwarsu yana karatu a Jami'ar Sidi Muhammad bin Abdullahi. Uwar yaron tana cikin dubban matan da suka ɗauki duwatsu a ka cikin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, ga shi yau ɗanta yana karatu a bakin wata duniya.

Gardamar masauki ta fara tun kafin a ɗaure kaya. Alhaji ya ce wanda ya zo don rijiya ba ya sauka nesa da ita, a nemi ɗaki jikin zawiya. Malam ya ce tafiya da tsohuwa da yara tana son wuri mai tsabta, mai ruwan zafi, kusa da likita. Da suka kira yaron a salula, sai ya ce musu, "Kawu, Fas ba gari guda ba ne, gari uku ne." Na farko shi ne Fasul Bali, tsohon birni, wanda Idirisu na Ɗaya ya kafa harsashinsa wajen 789, ɗansa Idirisu na Biyu ya faɗaɗa shi wajen 809. Can masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda aka gina a 859, can kuma zawiyar Shehu take, a unguwar Bilida. Na biyu shi ne Fasul Jadid, wanda sarakunan Banu Marin suka gina a 1276, inda fadar sarki take. Na uku shi ne sabon gari, wanda Faransawa suka shata bayan sun kafa mulkinsu a 1912, suka ware shi daga tsohon birni da gangan, kamar yadda suka ware unguwar Filato a Yamai. Yaron ya ƙara da cewa mota ba ta shiga tsohon birni. Wannan magana ta wuce ta kunnen ƴan uwan biyu, kowa ya ɗauki abin da ya dace da ra'ayinsa ya bar saura.

Da yake Malam ne mai riƙe da takardu, ra'ayinsa ya fara cin nasara. Ya kama musu gida ta intanet a sabon gari, hawa na huɗu, mai ɗaki uku da madafa da na'urar hawa bene. Suka yi kimanin kilomita 500 a mota daga Madawa zuwa Yamai, suka shiga jirgin sama zuwa Kazabalanka, sa'an nan jirgin ƙasa na wajen awa huɗu ya kai su Fas ranar Laraba da yamma. Tutocin ƙasar ja suna rataye ko'ina, domin mako guda ke nan da ƴan ƙwallon Maroko suka buga wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. Kwana goma suka yi niyyar yi, wato Juma'a biyu.

Gidan ya yi kyau, ba abin kushewa a idon mai kallo. Uwargida ta murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, ta yi hamdala. Titin Hasan na Biyu yana kusa, da itatuwan dabino da maɓuɓɓugan ruwa, kantin magani yana ƙasan bene, tashar jirgin ƙasa ba nisa. Malam ya dubi wansa da murmushin wanda gaskiyarsa ta fito. Amma tun daren farko wasu abubuwa suka fara bayyana. Mai gadin gidan ya tsare su da tambayoyi fiye da kima, ya ƙirga su sau biyu, ya gargaɗe su a kan hayaniya alhali ko baki ba su buɗe ba, irin kallon da baƙar fata kan gamu da shi a wasu unguwannin da ba su saba da maziyarta ba. Maƙwabta kuwa ƙofofinsu a rufe, wanda aka gamu da shi a matakala ya amsa gaisuwa a taƙaice ya wuce. Hajiya ta leƙa taga ta ga motoci da fitilu, ta tambaya, "To ina Shehun yake?" Aka nuna mata wani duhu can nesa, aka ce bayan wancan.

Ranar Alhamis suka fita ziyara. Ƙananan tasin Fas jajaye ne, kuma doka ta hana su ɗaukar fiye da mutum uku, jariri ma ana ƙirga shi. Mutum bakwai har da ɗalibi, sai mota uku, ba su kuma samu a lokaci guda ba. Malam ya ce a kai su Babu Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin ado da aka gina a 1913, domin ita ce ya gani a hotuna. Nan kuskuren yake. Tsohon birnin Fas kamar ƙwarya yake, wannan ƙofa tana kan baki, zawiya kuwa tana can kusa da gindi. Hanyar da ake kira Ɗala'a Kabira tana gangarawa fiye da kilomita guda, ƙunci gare ta, cike da jama'a, ga alfadarai da jakuna ɗauke da kaya, masu su suna ihun "balak", wato a kauce. Da aka ce a nemo mata abin hawa, Hajiya ta ce, "Ni ɗiyar Buza ce, dutsi bai ba ni tsoro." Gaskiya ta faɗa, amma dutsin Buza da ƙafar ƙuruciya ta hau shi. Sai da suka shafe kusan awa biyu kafin su ga hasumiyar zawiya mai koren ado.

Ta shiga ɓangaren mata, ta tsaya inda ta yi shekara hamsin tana mafarkin tsayawa, ta yi addu'a tana hawaye. Ko rabin awa ba ta yi ba gwiwoyinta suka ƙi. Wajen komawa sai da aka ɗora ta cikin amalanken hannu irin wanda ƴan dako ke tura kaya da shi, ta rufe fuska da mayafi don kunya. Alhaji yana biye, bai ce uffan ba, amma duk wanda ya san shi ya san magana tana tafasa.

Da dare ta fito. "Malam," in ji shi, "kai ka zaɓo muna gidan hutu, mu kuwa ba hutu ya kawo mu ba. Uwarmu cikin amalanke kamar buhun albasa! Gobe Juma'a, jikin Shehu za mu kwana." Malam ya ce, "Yaya, ni lahiyarta na duba." Alhaji ya ce, "Ita kuwa ba lahiya ta zo nema ba." Aka yi asarar kuɗin sauran kwanakin da aka riga aka biya, aka kwashe kaya da sassafe.

A unguwar Bilida neman ɗaki ba wuya, domin mutanen wurin sun daɗe suna saukar da maziyarta daga Senegal da Mali da Nijeriya da Nijar, har wasu masu kantuna suna jin ɗan yaren Wolof. Dillali, wanda suke kira samsar, ya kai su wani gida da bai fi taku ɗari ba daga ƙofar zawiya. Da aka zo ciniki ya ce dubu shida kowane dare. Alhaji ya yi lissafi a ka: dirhami guda wajen dala goma sha biyu ne, wato tamma sittin na sefa, dubu shida ke nan ta kama jika ɗari uku da sittin. Ya miƙe zai fita. Ɗalibi ya riƙe masa riga yana dariya, ya ce, "Kawu, da riyal yake ƙirga." Ashe mutanen ƙasar ma suna da irin lissafin dala na Hausawan Nijar: riyal ashirin ke yin dirhami guda, dubu shidan nan dirhami 300 ne, wajen jika goma sha takwas. Alhaji ya zauna, ya yi ciniki irin na gwanaye, ya rage wani abu, ya ji daɗin kansa. Ya tambayi kuɗi, ya tambayi nisa, ya tambayi makulli. Bai tambayi matakala ba.

Gidajen tsohon birni dogaye ne, suna kewaye da tsakar gida, tagoginsu suna kallon ciki. Masu gida sukan riƙe ƙasa, su bai wa baƙi sama. Matakalar kuwa siririya ce, mai murɗewa, kowane taki ya kusa kai tsawon gwiwar yaro. Ɗiyar Alhaji ta ƙirga arba'in da ɗaya. Hajiya ta hau su da hannu da ƙafa, tana hutawa a kowace kwana, ta isa sama numfashi yana neman ƙwace mata. Ɗakin sanyi kamar randa, domin bangon da daɓen duk fale-falen kasko ne masu ƙyalli, an gina su don maganin zafin bazara. Sanyin Fas ba irin na hunturun Adar ba ne mai bushewa. Sanyi ne mai laima, mai tafe da ruwan sama, wasu darare awon yakan sauka ƙasa da digiri 5, ga duwatsun Atlas masu dusar ƙanƙara ba nisa. In iska ta juyo kuma sai ta kawo warin majemar Shuwara, wadda take cikin wannan yanki. Uwargida ta so hura gawayi a kasko kamar yadda ake yi a gida, ɗalibi ya hana, ya ce a ɗaki rufaffe hayaƙin gawayi da na na'urar ɗuma ruwa mai aiki da gas suna kashe mutane cikin barci, kowace shekara ana jin labarin. Sai aka tara barguna.

Bayan la'asar aka fara zikirin Juma'a. Hajiya ta yi alwala, ta yafa mayafi, ta zo bakin matakala, ta sa ƙafa ɗaya, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Alhaji ya ce zai goya ta. Ta dube shi, ta dubi ƙuncin matakalar da ba ta isa mutum biyu ba, ta ce, "A'a, Alhaji. Ku tahi ku samu rabonku." Ta koma ta zauna bakin ƙofa da tasbaha. Sautin hailala yana tasowa ta tsakar gida, a fili kamar a cikin ɗakin ake yi. Ta ratso hamada ta sama, ta zo taku ɗari daga abin da take nema, matakala arba'in da ɗaya ta tsare ta. Alhaji yana cikin sahu bakinsa yana motsi, amma zuciyarsa tana hawa na uku. A daren nan ƴan uwan biyu ba wanda ya iya duban idon ɗan uwansa, domin kowa ya gwada tasa, kowa kuma ya kā da tsohuwa.

Washegari wani abu ya faru wanda ya girgiza su, ya kuma buɗe musu ido. Autan Alhaji ya ga alfadari ɗauke da tukwanen gas, ya bi shi. Ana cewa lungunan tsohon birnin sun haura dubu tara, da yawansu kuma ba su da mafita. Uwar ta fita ba takalmi, Malam ya yi gabas, Alhaji ya yi yamma, kowa yana kiran sunan yaro cikin taron da ba ya jin Hausa. Bayan kamar awa guda sai ga wani mai gasa burodi, gari duk a hannunsa, riƙe da yaron, yaron kuma riƙe da guntun burodi mai zafi. Mutumin ya ce da ya ga yaro baƙi yana kuka shi kaɗai, ya san baƙon Sidi Ahmad ne, shi ya sa ya kawo shi ƙofar zawiya kai tsaye. Alhaji ya ciro kuɗi, mutumin ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa. Larabawa suna da karin magana cewa a nemi maƙwabci kafin gida. A sabon gari, in ji ɗalibi, da sai an je ofishin ƴan sanda. A nan unguwa ce ta san baƙinta.

Ranar Lahadi uwargida, wadda tun daga Madawa ba wanda ya nemi shawararta, ta yi magana. "Alhaji," ta ce, "ku maza kuna zaɓen wurin da za ku kwana. Mu kuwa wurin da za mu wuni muka nema. Ku bar ni in tahi da yaron nan in duba." Alhaji ya yi shiru, shirun ya zama izni.

Ɗalibi ya ba da labari daga baya cewa bai taɓa fassara tambayoyi irin na ranar ba. A kowane gida sai ta fara da ƙasa: akwai ɗaki a hawan ƙasa? Kewayen yana hawa guda da ɗakin, ko sai an hau? Wa ke zaune a gidan, iyali ne ko samari? Akwai tsohuwa a ciki? Rana tana shigowa tsakar gida, da wane lokaci? Za a bar ta ta yi girki? Taku nawa ne zuwa inda mota ke tsayawa, in ciwo ya tashi cikin dare? Ba ta yarda da amsar baki ba, sai ta taka da ƙafarta, tana tafiya a hankali irin ta surukarta, tana lura da hawa da gangara. A kowane lungu kuma takan tsaya ta duba ko akwai yara masu wasa, da ƴan mata masu ɗauke da faifan ƙullin burodi zuwa gidan gashi. Ta ce unguwar da uwa ke sakin ɗanta a ƙofar gida, ita ce unguwa. Ba ta sani ba, ma'aunin da magabatan birnin suka bi ke nan: kowace unguwa ta asali tana da masallacinta, da makarantar allonta, da gidan gashin burodi, da gidan wanka, da famfon jama'a. Inda waɗannan ke raye, akwai iyalai. Inda gidaje suka koma masaukin ƴan yawon buɗe ido zalla, da dare ya yi sai lungu ya mutu.

Gida na biyar ne ya karɓa mata. Yana wani lungu marar mafita kusa da dandalin Rasif, can gindin ƙwaryar, inda aka rufe wani sashe na kogin da ya raba birnin biyu aka shimfiɗa titi a kansa, har tasi da motocin haya suna isowa. Daga nan zuwa zawiya, ta dandalin maƙeran tagulla na Saffarin da gefen masallacin Ƙarawiyyin, tafiya ce ta ɗan lokaci, ba kuma hawa mai tsanani. Babbar kasuwar cefane tana bakin dandalin, da nama da kifi da ganye. Mai gidan wata gwauruwa ce da ɗanta da matarsa da jikoki uku. Da ta ji tsohuwa ce ta zo ziyara daga nesa, sai ta ce za ta koma sama wajen jikokinta, ta bar mata ɗakinta na ƙasa. Kuɗin ya ɗan fi na Bilida, gidan kuma bai kai na sabon gari kyau ba, fentin ya tsufa, ruwan zafi sai an ɗora a wuta. Maza uku suka sauko da Hajiya zaune a kan kujera, taki bayan taki, aka yi ƙaura ta uku cikin kwana biyar.

Sauran kwanakin suka tafi da sauƙi. Da hantsi rana takan sauko tsakar gida, tsofaffin biyu su zauna cikinta, ɗaya ba ta jin Hausa, ɗaya ba ta jin Larabcin Maroko, amma su yi ta hira da hannu da dariya da sunayen Allah. Mai gida tana kiranta Lalla Hajja, ita kuma tana kiranta ƙawa. Uwargida ta fito da garin geron da ta ƙullo daga Madawa ta dama kunu, aka ɗanɗana wa mutanen gida, su kuma suka kawo shayi mai na'ana'a da miyar harira. Yaran suka shiga cikin yaran lungu, ƙwallo ba ta bukatar tafinta. Kowace rana Hajiya takan tafi zawiya da ƙafarta, ta huta sau biyu a hanya, sau ɗaya a bakin shagon wani maƙeri wanda tun rana ta biyu ya riƙa ajiye mata kujera. Dare ɗaya tari ya matsa mata, cikin minti kaɗan aka kai ta bakin titi, tasi ya kai su wajen likita a sabon gari, aka ba ta magani suka dawo. A nan Malam ya sami tasa gaskiyar, Alhaji kuma ya faɗa masa haka a gaban kowa.

Juma'a ta biyu, bayan masu gida sun ciyar da su kuskus kamar yadda al'adar ƙasar take a wannan rana, Hajiya ta shiga zawiya tun kafin la'asar, ta sami wuri jikin ginshiƙi, aka yi zikiri da ita har faɗuwar rana. Da ta fito ba ta yi magana ba sai da suka kai gida. Sa'an nan ta kira surukarta, ta dafa kanta, ta yi mata addu'a mai tsawo, irin wadda ba ta yi wa ƴaƴan cikinta ba a tafiyar nan.

Mutanen Madawa da Buza da Keita ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninsu sun yi fatauci zuwa Gwanja, iyayensu sun ci rani a Abijan da Legas da Libiya, kusan kowane gida yana da wani a waje. Sai dai ilimin masauki da suka gada na namiji ne shi kaɗai, mai iya kwana a shago ko a tasha. Yanzu kuwa tafiya da iyali tana ƙaruwa, wasu don ziyara, wasu don jinya a Rabat ko Kazabalanka, wasu don kai ɗiya jami'a, wasu don sarin kaya a Darbu Umar. Abin da gidan Alhaji ya koya da asarar kuɗi da hawayen tsohuwa shi ne, a auna unguwa da ƙafar wanda ya fi kowa rauni cikin ayari, kada a biya kuɗin kwanaki da yawa kafin ido ya gani, a tambayi wanda yake zaune a garin sa'an nan a saurari amsarsa har ƙarshe, a kuma sa wadda za ta wuni a gidan cikin shawara tun farko. Taswira tana nuna nisa, amma ba ta nuna hawa, ba ta kuma nuna halin mutane.

Da suka koma, Hajiya ta raba tsaraba a Buza, tasbahohi da turare da jallabiyoyi. In mata suka tambaye ta labarin Fas, takan fara da Shehu, ta bi da ƙawarta ta Rasif, ba ta taɓa ambaton amalanke ko matakala ba. Alhaji kuwa, kafin kakar albasa ta gaba, ya kira magina. Dokin ƙofar masaukin baƙinsa mai tsawo ne, an yi shi don tare ruwan damina, ya sa aka yi masa gangara. Ya yanki wani sashe na filin ya gina ɗaki guda da kewayensa, ƙofarsa tana buɗewa ta cikin gida wajen mata. Abokan kasuwa suka yi masa ba'a, suka ce ko otal zai buɗe. A watan Maris wani tsohon abokin cinikinsa ya zo daga Kumasi, a karo na farko tare da matarsa, wadda yake son kai wa asibitin Galmi. Uwargida ce ta fito ta karɓi jakarta.